Tagulla da Yumɓu: Nune-nunen Shekarar 1977 da Rabon Ƙasar Yawuri

Bahaushe ya san jere tun kafin ya san gidan tarihi. Ranar da za a kai amarya, 'yan'uwanta mata su ne ke shiga ɗaki su tsara kwanuka da tasoshi da fantekoki, su sa mafi tsada a inda ido zai fara sauka, wanda ya ɗan ƙwarzane kuwa a tura shi bayan gado. 'Yan ganin ɗaki ba dukan abin da gidan su amarya suka mallaka suke gani ba, sai dai abin da masu jere suka zaɓa. Zauren nunin kayan fasaha na gwamnati ma haka yake, illa dai a nan ƙasa ce amaryar, ma'aikatan hukuma kuwa su ne masu jere. Nijeriya ba ta taɓa yin jere irin na shekarar 1977 ba, saboda haka ita ce shekarar da ta fi dacewa a duba, a ga abin da aka sa a gaba, da wanda aka ba lambar girma, da kuma inda ƙasar Yawuri da Ngaski da Shanga ta faɗa a cikin wannan tsari.

Ɗakunan da aka yi jeren a cikinsu ba su da tsufa. Gidan tarihi na Jos, wanda Bernard Fagg ya kafa, an buɗe shi ne a 1952. Na Ikko, aikin Kenneth Murray, a 1957. Na Kaduna kuwa sai a 1975. Dukansu suna ƙarƙashin Sashen Kayan Tarihi na Tarayya, wanda a lokacin da ake magana Dakta Ekpo Eyo ne shugabansa. Sabon ɗaki, wanda kuma ya fi kowanne ƙawa, shi ne Babban Zauren Wasanni na Ƙasa da ke Iganmu a Ikko. Wani kamfanin ƙasar Bulgeriya ne ya gina shi bisa fasalin wani zaure da ke birnin Varna, aka gama a 1976, kuma an ware wuraren nuni a cikinsa ban da dandalin wasa.

An gina shi ne domin Bikin Al'adu da Fasahar Baƙar Fata na Duniya karo na biyu, watau FESTAC, wanda aka yi daga 15 ga Janairu zuwa 12 ga Fabrairu 1977, a zamanin mulkin Janar Olusegun Obasanjo. Na farko an yi shi a Dakar a 1966. Ƙasashe fiye da 50 suka halarta, kuma kuɗin man fetur na nan a hannu, ba a yi ƙyashi ba. Abin da jama'a suka fi tunawa shi ne kiɗa da rawa, amma nune-nunen ne suka bar sawu mai wuyar gogewa, domin su ne suka tsayar da abin da za a riƙa kira fasahar Nijeriya a littattafan makaranta.

Tun kafin a buɗe ƙofa aka sami cikas. Tambarin bikin shi ne fuskar Sarauniya Idia ta Binin, wadda aka sassaƙa da hauren giwa a ƙarni na 16, sojan Ingila kuma suka ɗauke ta a cikin ganimar 1897. Nijeriya ta nemi gidan tarihin Birtaniya ya ba ta aro, aka hana. Dole aka sa masassaƙan Binin suka yi kwaikwayonta. Mai abu ya roƙi aron abinsa an hana shi, wannan ya ishi ɗan ƙasa takaici, kuma ya ƙara wa masu jere himmar nuna wa duniya cewa abin da ya rage a gida ma ba kaɗan ba ne.

Babban nunin kayan dā shi ne wanda aka yi wa laƙabi da shekara dubu biyu na fasahar Nijeriya, Ekpo Eyo kuma ya fitar da littafi mai wannan suna a shekarar. Tsarinsa kamar salsalar gidan sarauta yake. An fara da kawunan gasasshen yumɓu na Nok, waɗanda masu haƙar kuza suka fara cin karo da su a 1928. Sa'an nan tagullar Igbo-Ukwu, sai kawunan Ife, sai Owo, sai Binin. A ɗaya ɓangaren kuma ga masu zane da sassaƙa na zamani, irin su Ben Enwonwu, da Erhabor Emokpae wanda aikinsa ya ƙawata jikin zauren Iganmu, da samarin da suka yi karatu a Kwalejin Zariya suka kafa ƙungiyarsu a 1958, watau su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo. Zariya ce ta horar da su, amma kusan dukansu 'yan Kudu ne, kuma can suka koma da sana'arsu.

To, ina rabon Arewa? Rabonta mafi girma an kai shi Kaduna ne, inda aka yi hawan daba a watan Fabrairu, sarakuna suka fito da dubban dawaki da 'yan lifidi da 'yan sulke, har aka gina otal musamman domin baƙi. Babu mai musun cewa hawan ya yi kyau. Amma yana da kyau a lura da irin rabon da aka yi: Kudu ta sami akwatin gilashi da littafi, Arewa ta sami fili da ƙura. Hawa na kwana kaɗan ne, idan aka kwance sirdi ya wuce. Abin da aka sa a littafi kuwa shi ɗalibi zai haddace shekara da shekaru. Otal ɗin ma an rushe shi a 2020. Daga irin wannan rabo ne aka ƙarfafa wani zato, wanda har wasu 'yan boko na Arewa suka ɗauka, wai ƙasarsu ta doki da rawani ce kawai, ba ta da hannu a sassaƙa ko ƙira ko ginin siffa.

A fannin lambobin girma ne aka ɗan gyara wannan karkata, kuma jami'a ce ta gyara. A 1977 Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba Ladi Kwali digirin girmamawa na dakta. Bagwariya ce daga garin Kwali, maginiyar tukwane, ba ta yi makarantar boko ba. A wurin wata 'yar'uwar iyayenta ta koyi sana'ar tun tana yarinya. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau ya kasance yana tara tulunanta a fadarsa, a nan ne Bature Michael Cardew ya gan su. Da Cardew ya buɗe makarantar ginin tukwane a Abuja ta wancan lokaci, wadda ita ce Suleja ta yanzu, Ladi ta shiga a 1954, ita ce mace ta farko a wurin. Ta koyi aiki da na'urar juyi da gashi mai zafi ƙwarai, amma manyan tulunanta da hannu ta ci gaba da gina su, tana zana musu kada da ƙadangare da kunama da kifi da tsuntsu kamar yadda ta gada. An nuna su a London a 1958 da 1959 da 1962, Ingila ta ba ta lambar MBE a 1963. Watau sai da baƙi suka yaba tukuna gida ya waiwayo, abin da ba sabo ba ne. Bayan digirin Zariya ta sami lambar cancanta ta ƙasa a 1980 da lambar OON a 1981, ta rasu a Minna a 1984, daga baya aka sa hotonta a bayan takardar naira 20.

Muhimmancin digirin nan ya wuce Ladi ita kaɗai. Ginin tukwane sana'a ce da galibi mata da talakawan ƙauye ke yi, kayanta kuma na bayan gado ne a wurin masu jere. Ranar da aka sa wa maginiya rigar dakta, an yarda ke nan cewa yumɓu ma yana da daraja ko ba a binne shi shekara dubu ba. Wannan ne ya kawo zancen ƙasar Yawuri, domin nata kayan da suka shiga taskar ƙasa na yumɓu ne, hanyar da suka bi suka shiga kuwa ta sha bamban da ta Ladi.

A 1964 aka fara gina madatsar ruwa ta Kainji a kan kogin Kwara, aka gama a 1968. Ruwan da ya taru ya zama tafki mai tsawon kilomita fiye da 130, daga Kainji har ya kai wajajen Yelwa. Ya ci tsohon garin Busa, inda Mungo Park ya halaka a 1806, ya ci tsibirai da fadamu, aka tayar da mutane kimanin 44,000 aka sake musu matsuguni. A cikinsu akwai Gungawa mazauna tsibirai, manoman albasa kuma masunta, da Kambari da sauran maƙwabtansu na bakin kogi. Da aka tabbata ruwa zai rufe ƙasar, sai aka tashi masana binciken kufai su ceci abin da za su iya. Robert Soper ya zagaya ya ƙididdige wurare, A. J. Priddy da Donald Hartle da David Breternitz suka yi tono a wasu daga cikinsu. A wani tudun kufai kusa da Yelwa, Priddy ya tono kasake da ƙananan siffofi na gasasshen yumɓu, awon masana kuma ya nuna an zauna a wurin tsakanin ƙarni na 2 da na 7 na Miladiyya.

A tsaya a auna wannan lissafi. Mutanen da suka gina siffofin Yelwa sun riga maƙeran Igbo-Ukwu, sun riga masu kawunan Ife da ɗaruruwan shekaru, sun riga Binin nesa ba kusa ba. A salsalar da aka tsara a Ikko, akwai rata mai faɗi tsakanin ƙarshen Nok da farkon Igbo-Ukwu, Yelwa kuwa a cikin wannan rata ta faɗo. Duk da haka sunanta bai fita daga mujallun masana ya shiga bakin jama'a ba. Dalilan ba ɓoyayyu ba ne. Siffofin ƙanana ne, ba su da ƙyallin tagulla, ba a jingina su ga wani sarki mai suna ba, kuma aikin da ya fito da su na gaggawa ne, an yi shi ruwa na bin masu tono a baya. Ba son sanin tarihin Yawuri ne ya kai ma'aikata can ba, wutar lantarki ce. Da ba a yi madatsar ba, watakila da har yau ba wanda ya soka shebur a tudun. Da yake an yi ta, sauran wuraren da ba a kai ga tonawa ba sun nutse.

Kogin nan dai ya ba ƙasa abin sawa a gaba, amma daga can ƙasa da Kainji, a ƙasar Nufe. A ƙauyen Tada da tsibirin Jebba aka tarar da manyan siffofi na ƙarfe da ake jinginawa ga Tsoede, wanda ya kafa daular Nufe. Mafi shahara shi ne mutumin Tada na zaune, na jan ƙarfe kusan zalla, wanda mutanen garin suka saba kai wa bakin kogi suna goge shi da tsakuwa har jikinsa ya yi sumul. Shi ya sami shiga sahun farko, ya kuma bi ayarin kaya 100 da Nijeriya ta aika yawon duniya, aka fara nuna su a Detroit ta Amurka a 1980, aka kai su London a 1982. 

Tarihin ƙasar ta fuskar rubutu ya fi samun gata. Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, ya yi bincike a kan mulkin Yawuri na ƙarni na 19, kuma littafinsa a kan tasirin Hausawa a tarihin Afirka ta Yamma ya fito a 1978. Amma rubutu da hadisin baka ba sa kaiwa ƙarni na 2. Shangawa, alal misali, harshensu na asali dangin harshen Busa ne, daga zuriyar harsunan Mande, ba dangin Hausa ba ne ko Kambari. Yaushe suka iso bakin Kwara, su wa suka tarar, wace dangantaka ke tsakanin mazauna yanzu da masu siffofin Yelwa, duk tambayoyi ne da kasko da gawayin kufai za su fi kowa iya amsawa.

Bayan biki an yi gyare-gyaren hukuma. Dokar soja mai lamba 77 ta 1979 ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta haramta cinikin kayan tarihi sai ta hannun wakilin da aka amince da shi, ta kuma hana fitar da su waje ba da izini ba. Hukumar zauren zane-zane ta ƙasa ta sami tata dokar a 1993, shekara biyu bayan an cire Jihar Kebbi daga Sakkwato. Sai dai doka a takarda ba ta tsare kufai. A cikin shekarun 1990 masu tonon sata suka bazu a ƙasar Nok da Katsina da Sakkwato, suka fitar da siffofin yumɓu masu yawa zuwa kasuwannin Turai, ba tare da an rubuta ramin da aka ciro ko ɗaya ba, balle zurfinsa ko abin da ke kusa da shi. A shekarar 2000 majalisar gidajen tarihi ta duniya ta sa su a jerin kayan da ta gargaɗi kowa kada ya saya. A wannan shekara kuma gidan tarihi na Louvre a Faris ya buɗe sabon zaure, a cikin kayan da ya jera akwai siffofi biyu na Nok da ɗaya na Sakkwato, waɗanda Faransa ta saya a hannun dillali. Daga baya aka yi yarjejeniya cewa mallakar Nijeriya ne, amma za su zauna a Faris bisa aro na shekara 25.