Itacen da ke Cikin Kube

Duk ɗan Masama da ya tashi a gidan gado ya san takobin nan da ke rataye a turakar kaka. Jar fatar kube muke gani, da hamilar da ake saɓawa a kafaɗa. Kaɗan ne daga cikinmu suka san cewa a ƙarƙashin fatar akwai itace.

Ruwan takobi sau da yawa baƙo ne. Barth, Bajamushen da ya sauka Gwandu a 1853 zamanin Sarki Halilu, ya ƙiyasta cewa kimanin ruwan takobi 50,000 ke shiga Kano kowace shekara, galibi daga Solingen ta ƙasar Jamus. Tsirara suke isowa. Ƙota da kube kuwa aikin ƙasar Hausa ne.

Masassaƙi kan nemi itace marar nauyi wanda ya bushe sarai, domin ɗanye tsatsa yake jawowa. Sai ya tsaga shi falle biyu, ya kwantar da takobin a kai, ya zana siffarsa, ya rarake kowane ɓangare kaɗan-kaɗan. A nan gwaninta take. In ramin ya yi faɗi, takobi ya zube daga mahayi yana sukuwa. In ya matse, mai shi ya ja ya kasa zarewa, kuma a rana irin ta Alwasa a 1805 wannan jinkiri ajali ne. Saboda haka yakan haɗa fallayen, ya zura, ya zare, ya kankare inda ya cije, har sai takobin ya fito da hannu ɗaya. Sannan a ɗaure da zare, a miƙa wa baduku ya ɗinke da fatar jar akuya. Fatar da aka jeme da bagaruwa takan ci ƙarfe in ta sha laima. Itacen ne ke raba su.

Bayan zuwan Turawa a 1903 takobi ya koma kayan hawan salla da naɗin sarauta, aka fara sa kwali a madadin itace, tunda ido ba ya gani. Mu da ke Legas, Kaduna da Abuja mun kwashe takubban kakanni mun kai falo, wasunmu har sun jefar da tsohon kube don ya kwarzabe. Muna roƙon duk mai irinsa ya zo da shi taron ƙungiya na bana, a auna, a ɗauki hoto, a rubuta sunan gidan da ya fito.