Gasar 1933 da Hausar 'Ya'yanmu a Lokuwa



Duk wanda ya ɗauki Hausa a sakandare ya san sunayen nan: Ruwan Bagaja, Ganɗoki, Shaihu Umar, Magana Jari Ce. Amma kaɗan ne suka san cewa saboda 'yan makaranta aka rubuta su tun asali. A farkon shekarun 1930 an koya wa yaran Arewa karatun boko, sai aka rasa abin da za a ba su su karanta. Hukumar Fassara da ke Zariya tana da littattafan tarihi da fassarori, irin su Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, amma babu ƙagaggen labari ko ɗaya da Bahaushe ya zauna ya rubuta da boko.

Shugaban hukumar, Rupert East, shi ya zaga manyan garuruwa a 1933 yana roƙon malamai su shiga gasar rubuta labari. Bai sha da daɗi ba. A wajen malaman wancan zamani, alƙalami na addini ne da shari'a da waƙar wa'azi. Tatsuniya kuwa ta tsofaffin mata da yara ce da dare. Duk da haka an samu waɗanda suka amsa, kuma littattafai biyar suka fito daga wannan yunƙuri: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East ɗin. Imam yana da shekara 22 kacal, yana koyarwa a Midil ta Katsina. Tafawa Ɓalewa shi ma malamin makaranta ne a Bauchi. Wato mutanen da ke tsayawa gaban allo kullum, sun san inda Hausar ɗalibi take ƙarewa.

A 1936 aka ɗauko Imam zuwa Zariya, ya yi kamar wata shida yana rubuta Magana Jari Ce, littafi uku, labarai fiye da 80, suka fara fitowa a 1937. Ya ɗebo daga Alfu Laila, daga Kalila wa Dimna, har daga tatsuniyoyin Jamus da Indiya, ya sa musu rigar Hausa, ya zuba su a bakin aku a fadar Sarki Abdurrahman.

A ganina dabarar tana nan ne. Kamus ɗin Bargery ya fito a 1934 da kalmomi kusan 39,000, aiki ne babba, amma ba yaron da zai zauna ya haddace shi. Labari kuwa yakan kawo kalma tare da muhallinta. Yaron da bai taɓa jin "lifidi" ba, in ya gan ta a tsakiyar fagen fama tare da sulke da kwalkwali da barde, ba sai an fassara masa ba. Haka madugu da ayari da zango da fatake ga mai bin Shaihu Umar ta hamada. Haka kalmomin gaban alƙali ga mai bin rigimar Alhaji Imam da Malam Zurƙe ɗan Muhamman, yana dariya yana ɗauka. Kalmar ta dawo sau biyu sau uku a wasu shafuka, shi ke nan ta zauna. Ga karin magana kuma, wanda Imam ya yi ta sa wa labaransa a matsayin kanu, ta yadda labarin kansa ke zama bayanin karin maganar.

To ina ruwan Mubi da wannan tarihi? Lokacin da ake wannan gasa, ƙasarmu tana cikin yankin Kamaru da aka karɓe daga hannun Jamus aka ba Ingila riƙo, ana gudanar da ita tare da Lardin Adamawa. Fulatanci ne harshen fada da na hulɗa, ga Gude da Fali da Nzanyi da Margi da Higi kowa da nasa. (Shi kansa East ya tattara labaran tsohuwar Adamawa da Fulatanci ya buga a wancan zamani.) Sai bayan ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairun 1961 muka shiga Nijeriya sosai, Mubi ta zama hedikwatar Lardin Sardauna. Hausa ta yi ƙarfi a nan ta hanyar kasuwa da tasha da rediyo da makaranta.

Hausar kasuwa tana biyan buƙatar ciniki, ba wanda ya raina ta. Sai dai ba ta da yalwa. Yaro zai tashi a Lokuwa yana zuba Hausa kamar ruwa, har ɗan Bahaushe gaba da baya, amma a ba shi takardar WAEC ko NECO a ce ya rubuta insha'i, sai ka ga kalmomi ƙalilan yake ta juyawa, yana cike giɓin da Turanci, "ya" da "ta" suna musayar wuri. Mai duba takarda kuwa Daidaitacciyar Hausa yake nema. Ɗan Kano ko Katsina yana iya tsintar wasu kalmomin a bakin kakarsa. Namu da yawa ba su da wannan gata, littafi ne kakarsu.

Abin takaici shi ne yadda ake karanta su yanzu. Ɗalibi ya nemi taƙaitaccen bayani, ya haddace sunan marubuci da jigo da sunayen taurari, ya shiga jarrabawa bai taɓa buɗe littafin ba. Ko ya ci, abin da aka rubuta littafin dominsa bai same shi ba, don kalmomin suna cikin shafukan da ya tsallake.

Littattafan ba su ɓata ba. Bayan Hukumar Fassara an yi Kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi NORLA a shekarun 1950, sannan NNPC ta Zariya daga 1966 ta ci gaba da buga su. Ruwan Bagaja da Ganɗoki sirara ne, ɗan aji huɗu zai gama kowanne cikin mako guda in yana karanta 'yan shafuka bayan Isha'i. Ya fi kyau ya karanta a bayyane, gaban wani babba a gida, da ƙaramin littafin rubutu a gefe don kalmar da ta tsayar da shi. Wadda babban ma bai sani ba, a kai wa malamin Hausa da safe.