Daga Asusu zuwa Shafin Hukuma: Yadda Mai Ajiya Ya Samu Madogara

A da, wanda ya tara ɗan abin hannunsa yakan zuba a asusu, ko ya shiga adashi, ko ya kai ajiya wurin attajirin da unguwa ta shaida amanarsa. Shaidar jama'a ce kawai jingina. Babban Bankin Najeriya ya fara aiki a 1959, naira ta fito a 1973, kuɗi suka riƙa komawa bankuna, amma in banki ya durƙushe, mai ajiya ba shi da wurin kai kuka.

Sai a 1988 aka kafa hukumar inshorar ajiya, NDIC. Amfaninta ya fito fili a Janairun 1998, lokacin da aka soke lasisin bankuna 26 a tashi ɗaya, ta shiga biyan masu ajiya gwargwadon abin da doka ta ƙayyade. A 2004 dokar garambawul ta fansho ta haifar da hukumar fansho, PenCom, bayan shekarun da tsofaffin ma'aikata suka yi suna wuni a layi suna jiran haƙƙinsu. Ma'aikaci ya samu asusun ritaya da sunansa, yana iya duba abin da aka zuba masa.

A 2012 Babban Banki ya buɗe sashen kare haƙƙin abokan hulɗar bankuna. Ƙa'idar mai sauƙi ce: fara kai ƙorafi bankinka a rubuce, in mako biyu suka wuce ba a warware ba, sai ka ɗaukaka zuwa Babban Banki.

Duk da haka, jama'a sun fi sauraron maƙwabci da saƙon waya. A 2016 wani tsarin zuba kuɗi mai suna MMM ya yi alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari duk wata. Babban Banki da hukumar kula da kasuwar hannun jari, SEC, sun yi gargaɗi, aka yi kunnen uwar shegu, a Disamba kuma aka daskarar da kuɗin mutane. Kwaɗayi mabuɗin wahala. Shekara ta zagayo, Ofishin Kula da Basussuka, DMO, ya fito da takardar ajiyar gwamnati da ake iya saya da naira 5,000, ya kuma fito da sukuk ga masu gudun riba.

A 2024 NDIC ta ɗaga inshorar ajiya a bankunan kasuwanci daga naira 500,000 zuwa miliyan 5. Da aka soke lasisin bankin Heritage a Yunin shekarar, ta bi lambar tantancewa ta banki, BVN, ta tura wa mutane kuɗinsu a asusun da suke da shi a wasu bankuna.

Yau Babban Banki, SEC da PenCom duk suna wallafa sunayen waɗanda suka ba lasisi a shafukansu masu ƙarewa da .gov.ng. Kafin ka miƙa guminka ga wani kamfani, nemi sunansa a can. In babu shi, riƙe kuɗinka.