Noman waken suya a ƙasashe masu sanyi da rawar ƙwayoyin bakteriya

Waken suya ya samo asali ne daga ƙasar Sin, kuma yana cikin amfanin gonar da ke samar wa kansu taki. A jikin saiwarsa akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle inda ƙwayoyin bakteriya da ake kira Bradyrhizobium ke zama. Suna ɗaukar sinadarin naitirojin daga iskar da ke cikin ƙasa su mayar da shi abincin shuka, ita kuma shukar tana ciyar da su da sukari. Wannan ne ya sa manomin waken suya ba ya kashe kuɗi mai yawa kan takin yuriya.

A ƙasashe masu sanyi, wannan cuɗanya tana fuskantar cikas biyu. Na farko, gonakin Turai da Kanada da ba a taɓa noma waken a cikinsu ba ba su da waɗannan ƙwayoyi, sai an kawo su. Na biyu, sanyi yana rage musu kuzari. Sun fi aiki idan ɗumin ƙasa ya kai digiri 25 a ma'aunin salshiyos, kuma idan ya sauka ƙasa da 17 ƙulle-ƙullen kan makara wajen fitowa, ganye ya yi fari, yabanya ta tsumbure.

Saboda haka manoma kan cakuɗa iri da garin ƙwayoyin ko ruwansu a inuwa, domin rana tana kashe su, sannan su shuka ba tare da jinkiri ba. Sukan jira ƙasa ta kai digiri 10, kuma sukan guji yawan takin naitirojin, domin yana hana ƙulle-ƙullen fitowa. Ana gane aikin ya yi kyau idan aka tsaga ƙulli aka tarar da cikinsa ja.

Iri ma yana da nasa muhimmanci. Sven Holmberg na Suwidin ya samar da irin Fiskeby mai jure sanyi da saurin nuna, wanda daga zuriyarsa Kanada ta fitar da Maple Arrow a 1976.

A Najeriya, cibiyar IITA da ke Ibadan tana haɗa irin waɗannan ƙwayoyi da sunan Nodumax domin manoman waken suya.