Shara da taubasantaka: yadda Damagaram ke girmama zumuncin wa da ƙanwa

Masu kallon finafinan Indiya sun sha ganin yarinya na ɗaura wa ɗan uwanta zare a wuyan hannu. Wannan biki na mabiya addinin Hindu ne, sunansa Raksha Bandhan, ana yin shi ranar da watansu na Shravana ya cika, galibi cikin Agusta. Ita ta ɗaura zaren, ta yi masa fatan alheri, shi kuma ya ba ta kyauta, ya yi alkawarin tsare ta. Masu saurare kan tambaye mu ko muna da irin wannan rana. Muna da tamu, sai dai mu a kan 'ya'yansu muke nuna ƙaunar wa da ƙanwa.

Su wane ne taubasai? In mace da namiji suka fito ciki ɗaya, 'ya'yan da suka haifa su ne taubasan juna. 'Ya'yan maza biyu, ko na mata biyu, wa da ƙane ne kawai, babu wasa tsakaninsu. Amma ɗan kawunka ko 'yar gwaggonka, ka tsokane shi, ya tsokane ka, ba a fushi. Wanda ya yi fushi shi ya faɗi.

Ranar biyan hakkin wasan ita ce 10 ga Muharram, wato Ashura, lokacin cika-ciki. Azumin ranar ibada ne, shara kuwa al'ada ce. 'Ya'yan mace ke zuwa gidan 'ya'yan namiji, wasu har da tsintsiya a hannu, su ce a ba su shararsu. Ba ta da ƙayyadadden farashi: dala ashirin, jaka ɗaya, goro ko sabulu, kowa da ƙarfinsa. Ma'anarta ita ce, duk nisan da aure ya kai mace, gidan ubanta bai manta da ita ba, kuma 'ya'yanta na da ƙofar shiga.

Wasan ya wuce cikin gida. Sarautar Damagaram tushenta Barno ne, shi ya sa wasan Barebari da Fulani ke da ƙarfi a nan, daga Birni da Zango har kasuwannin Mirya da Magarya. Haka Arawa da Barebari suke. A shekarar 2014 hukumar UNESCO ta saka wasan taubasantaka na Nijar cikin jerin al'adun duniya da ya kamata a adana. Dalili kuwa a fili yake: gaskiyar da ba ta faɗuwa tsakanin wa da ƙane, taubashi kan faɗe ta cikin raha. Rigimar gona ko ta gado da yawa a bakinsa take mutuwa kafin ta kai gaban mai gari.

Abin da ke damunmu shi ne yaran da ke tasowa a Kano, Abijan, Libiya ko Aljeriya, waɗanda ba su san sunan taubasansu ba. Zumunci a ƙafa yake, amma yau waya ma ƙafa ce. In Muharram ya kama, ku kira gida, ku haɗa yara su gaisa, ku gaya musu wane ne ɗan namiji, wane ne ɗan mace. Wanda ake bi shara ya aiko, ko kaɗan ce. Allah ya bar zumunci.