Hukuncin Saɓa Alƙawarin Haya a Ƙasar Daura

Zauren biki na haya baƙo ne a Mai'adua, domin a dā ƙofar gida da zauren maƙwabci da tabarmin aro sun ishi ɗaurin aure ko suna; amma rigimar da kan tashi yau, idan mai zaure ya karɓi kafin alƙalami sa'an nan ya janye ana jibi biki, ga kati an raba, ga sa an saya, tsohuwa ce ainun. Fataken da ke koro shanu daga Nijar zuwa kasuwar Lahadi sun daɗe da saninta, duk sa'ad da fatoma ya ba wani masaukin da ya alƙawarta musu.

Alƙalan Daura, tun zamanin Malam Isiyaku da ya karɓo tutar Shehu Usmanu, har bayan da Turawa suka mayar da sarauta ga Malam Musa a farkon ƙarni na 20, suna duba irin wannan ƙara ne a babin ijara, wato haya, bisa littattafan Risala da Muhtasar na Halilu da Tuhfa. A mazhabar Malikiyya kuwa ijara ƙulli ne lazimi, wanda ɗaya ba ya warware shi shi kaɗai. Saboda haka wanda aka hana wa wurin da ya kama yana da ikon neman a cika masa, in kuwa ranar ta wuce, a mayar masa da kuɗinsa ba ragi. Imam Malik ma ya hana cinye kafin alƙalami ko da mai kamawa ne ya fasa, balle fa mai wurin. Sai dai kafin a kai ga alƙali akan bi ta mai unguwa da dagaci, kuma galibi a nan sulhu ke kashe magana, don ba mai son ya dafa Alƙur'ani a kan tabarma da kujera.

Dokar Ingila, wadda Arewa ta gada kamar yadda take ranar 1 ga Janairu 1900, ta buɗe wata ƙofa a Babbar Kotu, wato diyyar asarar da ɓangarorin biyu suka iya hangowa lokacin ƙulla yarjejeniya, ƙa'idar da ta samo asali daga shari'ar wani mai injin niƙa a 1854. Da ita ake neman bambancin kuɗin sabon zaure da na sake buga kati.

Kotunan alƙali sun koma kotunan yanki a ƙarshen shekarun 1960, aka ƙirƙiri Jihar Katsina a 1987, kotunan shari'a suka zo a 2000, amma har yau hujja ake fara tambayar mai ƙara, kuma a ganina a nan masu biki suka fi faɗuwa, don kunya kan hana su neman takarda a hannun wanda suka sani. Mai karatu, in za ka kama zaure, a rubuta rana da kuɗi da abin da za a biya in an fasa, shaidu biyu su sa hannu.