Kogin Dra'a na Maroko: yadda ƙanƙarar Atlas ke shayar da hamada

Dra'a shi ne kogi mafi tsawo a Maroko, kimanin kilomita 1,100, amma rabinsa na ƙasa busasshen rairayi ne a mafi yawan shekaru. Sai a shekarar da ruwa ya yi yawa ƙwarai yake kaiwa tekun Atalantika kusa da Tan-Tan.

Tushen ruwansa yana kan tsaunukan Atlas, inda dutsen Mgun ya haura mita 4,000. Daga Disamba zuwa Maris dusar ƙanƙara na taruwa a can. Idan zafi ya fara, tsakanin Maris da Mayu, sai ta narke ta gangara cikin kogin Dades, wanda ke haɗuwa da na Warzazat su zama Dra'a. Ba duka ke isa ƙasa ba: rana da busasshiyar iska na mayar da wani kaso tururi tun bai zama ruwa ba.

Amfanin ƙanƙara shi ne jinkirinta. Ruwan hadari yakan cika korama cikin sa'o'i kaɗan, ya yi ɓarna, ya wuce, kamar yadda mutanen Agadas suka sani game da Telwa a damina. Ƙanƙara kuwa rumbu ce da ke sakin ruwa sannu a hankali tsawon makonni, yana nitsewa cikin rairayi yana cika rijiyoyi, a daidai lokacin da alkama da sha'ir ke buƙatarsa.

Tun 1972 madatsar ruwa ta Mansur Eddahbi da ke kusa da Warzazat ke tare wannan ruwa. Hukuma ce ke buɗe shi lokaci-lokaci domin dausayoyin dabino shida da suka jeru daga Agdez zuwa Mhamid.  Tafkin Iriki, wanda ambaliya ke cikawa a da, ya ƙafe, sai da mamakon ruwan sama na Satumba 2024 ya sake cika shi na ɗan lokaci.

Shekarun fari da suka biyo juna sun rage ƙanƙarar da ke sauka a Atlas. Manoma sun koma ga rijiyoyin burtsatse, amma a wajen Mhamid ruwan ƙasa na ƙara gishiri, dabino na bushewa, matasa kuma na barin gonaki zuwa birane.